Sigar Gwaji da Salwantar Saituna: Nazari a Kan Haɗarin Sabunta Manhaja ga Mai Binciken Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba haɗarin da ke tattare da amfani da manhajar da ba a kammala gwajinta ba, da kuma yadda saitunan mai amfani kan salwanta a lokacin da ya ɗaga manhajarsa daga wata siga zuwa ta gaba. An bi diddigin wasu al'amura da suka auku ga manhajojin Microsoft da Mozilla da Google tsakanin 2017 da 2019, sannan aka auna su da kayan aikin da masu nazarin Hausa ke dogaro da su wajen rubutu da harhaɗa ƙamus da adana manazarta. Abin da ya bayyana shi ne, babbar illar sigar gwaji tana ga wahalar komowa daga gare ta, domin takan sauya zubin bayanai zuwa wanda tsohuwar siga ba ta iya karantawa. Haka kuma, saituna aiki ne da ya taru a tsawon shekaru, amma da wuya mai shi ya lissafa su cikin abin da yake yi wa kwafin ajiya.

Fitilun Kalmomi: manhaja, sigar gwaji, saituna, sabuntawa, baƙaƙe masu ƙugiya

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya a sami aikin nazarin harshe ko adabi ko al'ada da bai bi ta cikin kwamfuta ba. Kundin digiri da rubutacciyar hira da jerin kalmomin da aka tattaro a fagen bincike duk a cikinta suke kwana. Ita kuwa manhaja ba ta zama wuri ɗaya. Kamfanoni na fitar da sabbin sigogi a kai a kai, wasu duk bayan mako huɗu, kuma da yawa daga cikinsu sun buɗe ƙofa ga duk mai sha'awa ya karɓi siga tun kafin a sake ta ga jama'a. Batun ya ƙara matsowa kusa da malaman jami'a tun daga 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ga yawancin masu amfani da ita, lamarin da ya tilasta wa ɗimbin mutane tunanin ƙaura zuwa sabuwar babbar manhaja.

2.0 Matakan Fitar da Manhaja

Bisa al'adar masu ƙirƙira, manhaja takan ratsa matakai kafin ta nuna. Matakin alfa shi ne wanda ake cikin gini, wasu sassan ma ba a ɗora su ba. A matakin beta an kammala ɗora sassa, saura farautar kurakurai. Daga nan sai sigar da ake sa ran saki, wadda idan ba a ga wani babban aibi ba ita ce za ta zama tsayayyar siga. Akwai kuma sigar da na'ura ke harhaɗawa kowane dare daga aikin da masu ƙirƙira suka yi a yinin, kamar Firefox Nightly.

Sunayen da kamfanoni ke laƙaba wa waɗannan sigogi su kansu gargaɗi ne. Google ya kira sigar Chrome mafi ɗanyantaka da suna Canary, wato kanari, tsuntsun da masu haƙar kwal a Turai da Amurka kan shiga rami da shi domin ya riga su shaƙar iska mai guba. Bahaushe zai ce zakaran gwajin dafi. Microsoft ma ya ɗauki wannan suna ga ɗaya daga tashoshin shirinsa na Windows Insider a 2023. Masu haɗa Debian, wani reshe na Linux, sun sa wa reshensu marar tabbas suna Sid, sunan yaron nan mai lalata kayan wasa a fim ɗin Toy Story. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai kalmar beta ta rasa kaifinta a kunnen jama'a, musamman bayan da Gmail ya shafe shekara biyar, daga 2004 zuwa 2009, yana ɗauke da wannan tambari alhali miliyoyin mutane na aiki da shi lami lafiya. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa beta na nufin sabon yayi kawai.

3.0 Saituna da Mazauninsu

Saituna su ne duk zaɓin da mai amfani ya yi domin manhaja ta dace da aikinsa. Ga mai rubutu da Ingilishi, rasa su ɗan ɓacin rai ne na yini guda, saboda manhajar tun daga masana'anta da harshensa ta zo. Mai rubutu da Hausa ba haka abin yake gare shi ba. Shi sai ya girka allon madannai da zai ba shi ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ idan yana bin ƙa'idar rubutun Nijar. Idan masanin tsarin sauti ne, yana bukatar hanyar ɗora alamar karin sauti da ta tsawon wasali a kan harafi. Sai ya hana Word mayar da kalmar "i" babban baƙi bisa zaton wakilin sunan Ingilishi ce, ya kuma hana ta juya alamar da ke farkon 'ya'ya da 'yan ta koma alamar buɗe zance. Kalmomin da ya riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya a ƙamusun manhajar, domin ta daina ja musu jan layi, na iya kaiwa dubbai bayan 'yan shekaru. Duk wannan gumi ne, ko da yake ba a ganin sa a matsayin rubutu.

Matsalar ita ce waɗannan abubuwa ba sa zama inda ido ke kaiwa. A Windows, ƙamusun da mai amfani ya gina a Word yana cikin wani fayil mai suna CUSTOM.DIC, tsarin shafi da salon kanun da ya saba da su suna cikin Normal.dotm, kuma dukansu suna ƙarƙashin foldar AppData wadda babbar manhajar ke ɓoyewa. Wasu saitunan kuma suna cikin rajistar Windows, wadda ba fayil ba ce da za a ja a jefa a filashi. Saboda haka malamin da ya kwafe foldar takardunsa kaf kafin ya miƙa kwamfuta ga mai gyara yakan tafi da natsuwar cewa ya tsira da komai. Sai ranar da ya zauna rubutu ya tarar da allon da bai san ƙ ba.

4.0 Hanyar da ba ta da Komowa

Abin da ya kamata a fahimta game da sabuntawa shi ne, manhaja ba ita kaɗai ake sauyawa ba. Idan sabuwar siga ta buɗe a karon farko, takan duba rumbun bayanan da ta tarar, ta ga lambar zubinsa, ta juya shi zuwa sabon zubi. Masu ƙirƙira sukan rubuta umarnin wannan juyi daga tsoho zuwa sabo, su gwada shi. Umarnin juyawa daga sabo zuwa tsoho kuwa kusan ba a rubuta shi, domin tsohuwar siga an riga an sake ta tun kafin a san yadda sabon zubin zai kasance. Wanda ya girka sigar gwaji da niyyar leƙawa ya dawo, ya shiga da kayansa gaba ɗaya ta ƙofar da ke rufuwa a bayansa.

Tarihin Firefox ya nuna wannan ƙarara. Burauzar tana tara alamomin shafuka da tarihin ziyara a fayil ɗin places.sqlite, kalmomin sirri a wasu fayiloli dabam, zaɓuɓɓuka kuma a prefs.js, duka a cikin folda ɗaya da ke wakiltar mai amfani. A da, tsayayyar siga da Beta da Nightly kan yi tarayya a wannan folda idan an girka su a kwamfuta ɗaya. Da aka fitar da Firefox 55 a 2017, Mozilla ta yi gargaɗi cewa foldar da wannan siga ta taɓa ba lallai ta yi aiki daidai a sigogin baya ba. A watan Nuwamba na shekarar, Firefox 57 ta daina karɓar tsofaffin ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, waɗanda ba a sake rubuta su bisa sabon tsari ba suka mutu tare da saitunan da ke cikinsu. Sai a Firefox 67, a watan Mayun 2019, aka ware wa kowace siga foldarta, aka kuma sa burauzar ta ƙi buɗe foldar da siga mafi sabunta ta riga ta taɓa. Gyaran ya yi ma'ana, amma shi ma ya zo da nasa ruɗani: wasu sun buɗe burauza suka tarar da ita fayau, suka ɗauka komai ya tafi, alhali tsohuwar foldar na nan, sabuwa ce kawai aka buɗe musu. Wannan bambanci tsakanin abin da ya goge da abin da ya ɓace wa manhaja yana da muhimmanci, domin mai gaggawar sake girke-girke na iya ƙarasa abin da da farko bai lalace ba.

A wayoyin hannu hukuncin ya fi tsanani. Wanda ya shiga shirin gwajin Android a wayar Pixel, idan ya fita kafin tsayayyar siga ta iso, saƙon da zai mayar da shi baya yakan share duk abin da ke cikin wayar. A iPhone, komawa baya na bukatar a goge wayar, kuma kwafin ajiyar da aka yi a kan sigar gwaji ba ya hawa kan sigar da ta gabace ta. Ma'ana, idan wayar ta ci gaba da yin kwafi da kanta har sabon ya danne tsohon, mai ita yana da ajiya amma ba shi da inda zai sauke ta. Agogon Apple Watch kuwa mai shi ba ya iya mayar da shi tsohuwar siga da kansa ko kaɗan. Mai binciken da ya naɗi hirarraki da mawaƙa ko masu sana'a a wayarsa ya kamata ya san da wannan kafin ya taɓa maɓallin shiga gwaji.

Windows tana ba da kwana 10 bayan babbar sabuntawa domin wanda ya yi nadama ya koma, ta hanyar foldar Windows.old. Bayan wa'adin, ko idan an share foldar don neman fili, hanyar ta toshe. Wanda ya shiga tashar Canary da aka buɗe a 2023 kuma, a mafi yawan lokuta bai sami mafita ba sai girka Windows daga tushe, kuma sigogin gwajin suna da ranar ƙarewar aiki.

5.0 Darasin Oktoban 2018

Za a iya cewa duk wanda ya tsaya ga tsayayyar siga ya huta. Abin da ya faru da Windows 10 siga ta 1809 ya rage ƙarfin wannan zato. An sake ta ranar 2 ga Oktoba, 2018. Kafin mako ya zagayo Microsoft ya dakatar da rarraba ta, saboda rahotannin cewa tana share fayilolin mutane daga foldar takardu da ta hotuna.

Bayanin da kamfanin ya bayar daga baya ya cancanci a tsaya a kansa, domin saiti ne tushen matsalar. Windows tana ƙyale mutum ya karkatar da sanannun foldoji, kamar ta takardu, daga mazauninsu na asali zuwa wani faifai ko zuwa OneDrive. Masu wannan saiti sun koka cewa sabuntawar watan Afrilun 2018 ta bar musu foldoji biyu, ɗaya babu komai a ciki. Sai injiniyoyi suka ƙara umarnin da zai share tsohuwar foldar a sabuntawa ta gaba, bisa zaton fanko ce. Ga waɗanda suka karkatar da foldar amma suka bar wasu fayiloli a tsohon wurin, umarnin ya haɗa da fayilolin ya share. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kamfanin ya ce abin ya shafi kashi ɗaya cikin ɗari na kashi ɗaya bisa ɗari na waɗanda suka girka sigar, wato mutum ɗaya cikin 10,000. Adadin ƙarami ne a takarda, amma ba ya rage wa wanda kundinsa ke ciki komai. Sai ranar 13 ga Nuwamba aka sake fitar da sigar.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, masu gwaji na Windows Insider sun kai rahoton wannan matsala watanni kafin a saki sigar. Rahotannin sun nutse ne saboda tsarin karɓar koke yana fifita abin da mutane da yawa suka mara wa baya, su kuwa waɗanda abin ya shafa 'yan ƙalilan ne. Bayan aukuwar lamarin aka ƙara wurin da mai koke zai nuna girman ɓarnar. A nan akwai abin lura ga masu harsunan da ba su da rinjaye a duniyar kwamfuta. Gwaji yana kama kuskuren da ya taɓa saitin mafi yawan jama'a. Wanda ya karkatar da foldarsa, ko ya girka allon madannai na musamman, ko yake rubutu da haruffan da injiniyan bai taɓa gani ba, yana gefen da idon gwaji bai cika kaiwa ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta cewa ana bukatar masu Hausa a cikin masu gwaji, kuma ita ce dai hujjar da ta sa bai kamata su yi gwajin a kan kwamfutar da kundinsu yake ba.

A Disambar 2019 an ga makamancin haka a Chrome 79 na Android. An sauya wurin da ake ajiye bayanan manhajojin waya da suka dogara da injin Chrome, ba a kwashe wasu bayanan zuwa sabon wurin ba, sai manhajojin suka buɗe kamar yau aka girka su. Google ya dakatar da rarrabawa ya fitar da gyara. Bayanan ba su goge ba tun farko.

6.0 Kayan Aikin Mai Nazarin Harshe

Zotero, wadda da yawa ke adana manazarta da ita, tana tara komai a fayil ɗin zotero.sqlite da foldar da ke riƙe da takardun da aka liƙa. Idan sabuwar siga ta ɗaga zubin wannan rumbu, tsohuwa takan ƙi buɗe shi, ta nemi a sabunta. Da Zotero 7 ta fito a 2024, sai da aka sake gyara ƙananan manhajojin da ake liƙa mata kafin su yi aiki, kuma wanda salon aikinsa ya rataya a kan ɗaya daga cikinsu dole ya jira mai ita.

Lamarin ya fi sarƙaƙiya a FieldWorks Language Explorer, manhajar SIL da ake harhaɗa ƙamus da nazarin ginin kalma da ita. Ita ma takan juya aikin zuwa sabon zubi idan siga ta ci gaba, kuma ba ta juya shi baya. Aikin ƙamus kuwa galibi na tawaga ne, ana musayar gyare-gyare tsakanin kwamfutoci. Idan mutum ɗaya a tawagar ya girka sigar da ta ɗaga zubin bayanai ya aika aikinsa, sauran ba za su ci gaba da musaya da shi ba sai sun bi shi. Sha'awar mutum ɗaya ta zama hukunci a kan kowa, har da ɗalibin da kwamfutarsa ba za ta ɗauki sabuwar sigar ba. A cikin irin wannan aiki akwai kuma saitin jeranta haruffa, wanda ke sa ɓ ta biyo bayan b, ƙ ta biyo bayan k, ya kuma fayyace ko sh da ts za a ɗauke su harafi guda ne ko biyu. Idan wannan saiti ya koma na asali, kalmomin ƙamusun suna nan ba ko ɗaya da ta ɓata, amma jerin ya wargaje, kuma mai yiwuwa ba a lura ba sai an kai ga buga samfuri.

Tsofaffin takardu suna da tasu matsalar. Kafin Unicode ya wadata, an magance rashin baƙaƙe masu ƙugiya ta hanyar ƙera zubin haruffa na musamman, aikin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi fice a kansa a shekarun 1990, kuma ya yi wa ɗab'in Hausa amfani ƙwarai. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama a zana harafin Hausa a kai. Kwamfutar da aka yi wa girki daga tushe ba ta zuwa da su. Shi ya sa ake cin karo da rubutun da ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ko kuma qasa da xaya da varawo. A Unicode kowane harafi yana da lambarsa ta dindindin, ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, saboda haka takardar da aka juya zuwa gare shi ta daina dogaro da abin da aka girka a wata kwamfuta guda.

7.0 Matakan Kariya

Masu Linux sun daɗe da wata al'ada mai kyau. A Debian, idan sabuntawa ta zo da sabon fayil ɗin saiti alhali mai kwamfuta ya gyara nasa, manhajar girki takan tsaya ta tambaye shi wanne za a riƙe, ta kuma ajiye ɗayan a gefe. Mafi yawan manhajojin da malamai ke amfani da su ba sa yin wannan tambaya, don haka sai mutum ya yi wa kansa tanadi.

Mataki na farko shi ne raba wurin gwaji da wurin aiki: wata kwamfuta dabam, ko kwamfutar kwaikwayo da ake kunnawa a cikin ta ainihi da manhaja irin VirtualBox, ko aƙalla wani asusun mai amfani dabam, kuma da kwafin bayanai maimakon na asali. Na biyu, kwafin ajiya ya kasance an yi shi kafin sabuntawa, an rubuta masa kwanan wata da lambar sigar da ta samar da shi, an kuma ajiye shi inda kwafi na gaba ba zai danne shi ba. Daidaita fayiloli da rumbun intanet ba ya wadatarwa, domin abin da aka share ko aka juya a kwamfuta haka zai je can. Kwafin ya haɗa da ɓoyayyun wuraren da aka ambata: ƙamusun Word da Normal.dotm, foldar burauza, foldar Zotero, fayil ɗin allon madannai na Keyman ko makamancinsa, da zubin haruffan da tsofaffin takardu ke bukata. Yana da kyau a gwada sauke kwafin sau ɗaya a wata na'ura, domin a nan ne ake gane ko ya cika.

Akwai kuma batun lokaci. Sabuntawar da wuta ta ɗauke a tsakiyarta na iya barin rumbun bayanai rabi a tsohon zubi rabi a sabo, saboda haka ba a fara ta da batirin da ya kusa ƙarewa. Jinkirin 'yan makonni bayan fitowar babbar siga yakan ba kurakurai irin na 1809 damar bayyana a wani wuri tukuna. Wannan jinkiri bai shafi ƙananan gyare-gyaren tsaro ba, waɗanda barin su ke buɗe ƙofa ga masu kutse. Ga sassan jami'a da ke da kwamfutoci da yawa, Mozilla tana da sigar Firefox ESR, wadda ke samun gyaran tsaro a kai a kai amma manyan sauye-sauye sai kusan shekara-shekara. Tawagar ƙamus kuwa tana bukatar yarjejeniya a rubuce kan lambar sigar da kowa zai tsaya a kai da ranar da za a ɗaga tare, kuma ranar kada ta faɗo a makonnin da ɗalibi ke shirin kare kundinsa.